Ranar da Na Dafa Atili

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da sunayen rabin 'yan ajinmu, amma ranar da na dafa atili ba za ta taɓa fita daga kaina ba. Ko da ni na so in manta, 'yan gidanmu ba za su bari ba. Har gobe idan aka taru wajen biki ko suna, sai an sami mai tayar da zancen.

Lokacin ina 'yar shekara goma sha shida, a ƙarshen shekarun tamanin. Muna zaune a Kafanchan, Babanmu yana da rumfa a kasuwa inda yake sayen citta da acca a hannun manoma. A gida kuwa an san ni da abu biyu: baki da ciki. Idan aka ajiye ƙuli-ƙuli goma aka dawo aka tarar da tara, ba a wahalar da kai wajen bincike, ni ake kira.

Yayata ta yi aure da shekara guda, tana zaune a Mararaban Rido kusa da Kaduna. Cikin fari ya zo mata da laulayi mai tsanani. Mijinta ya aiko da wasiƙa cewa ko ruwa ta sha sai ya dawo, kuma abu ɗaya kawai take ambata: atili. Ga wanda bai sani ba, atili 'ya'yan itace ne baƙaƙe masu sheƙi, tsawonsu kamar gaɓar babban yatsa, da ƙwallo a ciki. Idan ya yi laushi aka barbaɗa masa gishiri, namansa narkewa yake a baki kamar man shanu. Amma Yaya ba kowane atili take so ba, sai na bishiyar Mama.

Mama wata manomiya ce daga Fadan Kagoma, ita ke kawo wa Baba citta tun kafin a haife ni, har ta zama aminiyar Innarmu. Da Kirsimeti takan aiko mana da kaza mai rai mu yanka da kanmu, da Sallah mu kai mata waina da nama. Ko a shekarun da gari ya yi tsami, ƙafarta ba ta ɗauke daga gidanmu ba. Da Inna ta gaya mata halin da Yaya take ciki, washegari sai ga ta da ɗan buhu a ka.

"Na ƙarshe ke nan," in ji ta, tana sauke shi a tsakar gida. "Na sa an kakkaɓe itacen kaf. Sai kuma baɗi, in Ubangiji ya kai mu."

Ana hutun makaranta, Inna ba ta iya barin gida, yayyena maza suna kasuwa. Haka kaya ya faɗo kaina. Tafiyata ta farko ni kaɗai! Murna ta hana ni tsayawa wuri ɗaya. Mama ta kamo hannuna ta zaunar da ni. Hausarta irin ta mutanen wajensu ce, mace da namiji duk "ka" take ce musu.

"Yarinya, ka saurare ni da kyau. In ka kai, ruwan da za ka sa masa..."

"Haba Mama, na sani! Atili fa? Ai da shi aka yaye ni."

"Ka sani?"

"Na sani sarai."

Ta dube ni, ta dubi Inna, ta ɗaga kafaɗa ta ce, "To, madalla." Gaskiyar magana kuwa, ci kawai na sani. Duk atilin da na taɓa sa wa a baki, da laushinsa na saye shi a faranti a bakin makaranta. Ban taɓa tambayar yadda ake yi ya yi laushin ba.

Inna ta ɗaure bakin buhun da kanta, ta nuna ni da yatsa. "Wannan na marar lafiya ne. Idan na ji kin taɓa ko ƙwaya ɗaya, ke da tafiya ke kaɗai har abada, ko gidan maƙwabta sai da ɗan rakiya." Na rantse har da dafa ƙirji. Tana shiga ɗaki ɗauko mini kuɗin mota, na zura hannu ta gefen ɗaurin na kwaso cikin tafi guda, na zuba a leda, na cusa a ƙullin zanina, daidai ƙugu. Ban ɗauke shi sata ba. A raina ladan dako ne.

A tasha aka tura buhun ƙarƙashin kujerar baya tare da doyar mutane. Ni kuwa saboda son a gan ni, na nemi gaba kusa da direba. Ashe tsohuwar bas ce mai inji a ƙarƙashin mazauni. Kafin mu kai Zonkwa na fara jin kamar an ɗora ni a kan tanda. Na zaro atili ɗaya a ɓoye na gartsa, na ji shi gagau, ga bauri. Na ce to, ku jira ni, za mu haɗu idan na sauka.

Ban yi asara ba, domin motar cike take da matan zumunta masu zuwa taron coci a Kaduna, duk da zani iri ɗaya, da tulunsu na kiɗa. Suna waƙa, direba yana kaɗa kai, ni ma ina amshi ko da ban san baitin ba. Wata a cikinsu ta buɗe kula cike da faten acca da ya sha yakuwa da gauta, ta miƙo mini cokali. Na ce na ƙoshi, don kunya. Ta sake miƙowa, sai na taimaka mata har ƙasan kular. A Kachia ƙamshin cittar da aka shanya a bakin hanya ya cika motar, na sayi kunu mai yaji da ƙosai. Wajen mararrabar Kajuru na ƙara da soyayyar doya da sandar rake da ta kusa kai ni tsawo.

"Direba," in ji mai kular, "ka lura da sitiyarinka fa. Yarinyar nan in ta gama raken, shi za ta ci."

Motar ta kwashe da dariya, ni ma na taya su da baki cike.

Dariyata ta ƙare a ƙofar ɗakin Yaya. Na baro ta ranar biki da kumatu, sai na tarar da ita kwance a tabarma, wuya duk ƙashi, leɓe a bushe. Mijinta yana wajen aiki. Da ta ga buhun sai ta tashi zaune, ta kwance shi, ta tura fuskarta ciki tana shaƙa kamar wadda ta sami turare.

"Na Mama ne," in ji ta. "Ko ido rufe na san shi. Bari jirin nan ya sake ni, in tashi in jiƙa."

Ta koma ta kwanta, barci ya ɗauke ta. A nan ne shaiɗanin gwaninta ya shige ni. Na ce yau Yaya za ta san ƙanwarta ta girma. Za ta farka ta tarar da komai a shirye. Na kunna risho, na ɗora babbar tukunyar da aka kawo ta da ita gidan miji, na jira ruwa ya tafasa har yana tsalle. Sannan na juye buhun. Duka. Ban rage ko ɗaya ba, domin ni ba na yin abu rabi-rabi.

Bayan ɗan lokaci na tsamo ɗaya na latsa. Tauri. Na ce bai dahu ba, na ƙara wuta. Na sake tsamowa, ya fi na farko tauri. Na tuna wake, na jefa kanwa. Na ƙara ruwa, na ƙara kananzir, na yi ta fifita kaina da murfin tukunya. Da na jefa ɗaya a kwano, ƙarar da ya yi sai da kazar maƙwabta ta firgita. Wallahi da a ce ana gini a unguwar, da na sayar musu a matsayin tsakuwa.

Ƙarar ce ta tashi Yaya. Ta fito tana dafa bango, ta leƙa tukunyar da ke zaɓalɓala, ta dube ni.

"Me kika yi?"

"Dafa miki nake, Yaya. Ya kusa."

"Dafawa? Atilin?" Ta zauna a bakin ƙofa a hankali. "Ruwa mai ɗumi ake sa masa, wanda za ki iya tsoma yatsa ki bar shi a ciki. Idan ya ji tafasasshen ruwa ya ƙanƙare ke nan, ko kwana zai yi a wuta. Mama ba ta gaya miki ba?"

Ta ɗauki ɗaya duk da haka, ta hura, ta gwada da haƙori, ta ajiye. Na so ta zage ni. Na so ta ɗauki muciya ta bi ni da gudu kamar yadda take yi a gida. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta jingina kai da ƙyaure, hawaye suna zuba, ba ko sauti. Kwana uku ba abin da ya zauna a cikinta, abu ɗaya da ranta yake so ya taho tun daga Fadan Kagoma, kuma ni na hallaka shi a tukunyarta.

Na durƙusa zan ba ta haƙuri, sai na ji wani abu ya tokare ni a ƙugu. Ledar nan! Na taɓa ta ta saman zani, sai na ji yatsana ya nutse. Zafin injin bas da gumin jikina sun yi aikin da risho ya kasa. Atilin ya yi laushi luɓus.

Kada ku zaci nan take na fito da shi. Sai da na yi shawara da zuciyata. Idan na fito da shi, Yaya za ta san na yi sata, Inna za ta ji, tafiya kuma ta ƙare mini. Idan na yi shiru, laifina ɗaya ne kawai, na rashin sani, kuma ana yafe wannan. Na sake duban wuyan Yaya. Na kwance zanin.

"Yaya, ga wannan. Na... na ajiye miki ne daban."

Ta dubi ledar da ta jiƙe da gumi, ta dubi inda na ciro ta. "A ƙugunki kika ajiye mini?"

"Sata na yi," na ce, na fashe da kuka.

Ta wanke su, ta barbaɗa gishiri, ta sa ɗaya a baki ta lumshe ido. Na tsaya ina jiran ya dawo. Bai dawo ba. Ta ci na biyu, na uku, har ta cinye tana tsotsar ƙwallayen, tana dariya hawaye na zuba. Ko tayi ba ta yi mini ba, ni ma ban nema ba. Da la'asar ta ce tana jin kamar za ta iya shan kunu. Kafin in bar gidan bayan mako guda, tuwo take ci. Wanda na dafa kuwa, yaran unguwa suka kwashe, suka yi ta harbin ƙadangaru da shi a danƙo.

Yaya ta ce ba za ta faɗa ba, amma ina sauka gida na zayyana wa Inna komai da bakina, a gaban Mama, domin ranar ta kawo citta. Inna ta rasa ta inda za ta fara faɗa. Mama kuwa dariya ta yi har ta zame daga kujera.

"Kada ka doke shi," ta ce wa Inna tana share ido. "Ɓarawo ne ya ceci marar lafiya, gwani ne ya kusa kashe shi."

Duk da haka sai da na shekara ban je ko'ina ni kaɗai ba. Inna ba ta wasa da maganarta. Da kaka ta zagayo, Mama ta zo da sabon atili, ta sa aka ɗumama ruwa, ta kama yatsana ta tsoma a ciki. "Ka ji? Haka. Yanzu ka sani?" Na ce, "A'a Mama, ƙarasa." Yaron da Yaya ta haifa yanzu magidanci ne, kuma don a ƙara ba ni haushi, ko warin atili ba ya so.

Na koyi cewa faɗin gaskiya yana da tsada, amma ana biya a wuce. Abin da ya fi zauna mini kuwa shi ne wannan: cin abu shekara goma ba ya sa ka iya shi. Tun daga ranar, idan babba ya fara yi mini bayani, ko na rantse na san ƙarshen zancen, sai in kama bakina har ya dire. Kalma biyu ce, "na sani", ta cinye buhun atili guda.