Mai Tiyo a Kunne

Wata mata ce tsaye a gareji gaban tsohuwar akori-kurarta, mayafi ɗaure a ƙugu, farcenta baƙi ƙirin da man inji. Sau uku tana faɗa wa makanikai gasket, wato abin da ke liƙe mahaɗar bututun iska, ne ya ɓule, su kuwa sai dariya.

"Hajiya, koma inuwa. Fulogi za mu canja."

Abin haushi, ga tumatirinta a baya yana narkewa cikin rana. Ta kafa guntun tiyo a kunne, tana bin gefen injin da ɗaya bakin. Da ganin hannun nan, ya daɗe da sanin sifana. Can ta tsaya inda ta ji hucin iska, ta miƙa wa babbansu tiyon.

"Ungo, saurari iskar da kanka. Ko kunnen ma sai an canja maka?"