Darbejiyar Gonar Aro

Malam Zailani na Durun mutum ne mai zargi. Ko gaisuwarka ta yi tsawo, sai ya shafa aljihu. Gona ɗaya ya gada, a bakin kwazazzabo, kuma ita ce ransa.

A shekarun tsuke bakin aljihu, da albashi ya daina isa, Malam Zechariah, malamin firamare daga kudancin Kaduna, ya roƙi aron gefen gonar ya shuka masara. Zailani ya ba shi, don kunyar dagaci kawai.

Damina ta biyu sai ga malamin da ɗalibansa suna dasa darbejiya a kan iyaka, yana koya musu yadda saiwa take riƙe ƙasa. Zargin Zailani ya motsa. Wa ya taɓa dasa itace a gonar aro? Kowa ya sani, mai dasa itace shaidar mallaka yake kafawa. Ruwa ba ya tsami banza.

 Zailani ya sako awakinsa, malamin ya kewaye dashen da ƙaya. Zailani ya bi a ɓoye ya tumɓuke layin gabas, malamin ya ɗauka aikin makiyaya ne, har ya zo yi masa jaje. Shekara goma sha shida Zailani yana jiran sammaci, yana lallaɓa tsofaffin da suka san iyaka kada su mutu su bar shi.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, malamin ya yi ritaya, ya aiko zai zo sallama a gonar. Zailani ya ce yau ake yin ta, ya taho da dagaci da shaidu biyu.

"To Malam, faɗi abin da kake nema a gaban mutane," in ji Zailani.

Zechariah ya dube su, ya rasa gane taron.

"Godiya na zo yi, Baba. Ga gonarka. Itatuwan ai naka ne tun ranar farko, don kwazazzabon na dasa. Na ɗauka ka sani. Gabas ɗin nan kawai nake jin takaici, da an bar su da ba haka ba."

Duk suka waiwaya gabas. Ruwa ya cinye kunya ashirin ta wajen. Dagaci, wanda ya san komai, ya kawar da kai.

"Makiyaya ba su kyauta ba," in ji malamin.

Kunya ta rufe Zailani.  "Ba makiyaya ba ne," ya ce.