Abin da Yaya Rabi Ta Koyo a Tailan

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Rabi, kuma har yau idan na je gaisuwar mutuwa a Dangora ko Kiru ba a gabatar da ni da sunana, sai dai a ce ga ƙanwar Rabi mai jinya. Nakan amsa addu'ar da ake yi mata da zuciya ɗaya. Amma akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, bana kuma na ga gara in faɗa tunda furfura ta cim mini. Ina kishin Yaya Rabi. Na yi kishinta tana raye, kuma binne ta da aka yi bai raba ni da shi ba.

Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Tudun Wada. Wata shekara aka tura ta ƙasar Tailan kwas na wata uku, kan kula da marar lafiyar da magani ya gaza a kansa, wanda lokaci kawai ake jira. Yawancin malamansu mabiya addinin Buddha ne. A lokacin mahaifinmu ya shiga shekara ta biyu a kwance a Dangora, ɓarin jikinsa ya shanye. Ni ce a gida, don aurena ya mutu na dawo. Ni ke juya shi, ni ke wanke shimfiɗa, ni ke ba shi kunu da cokali. Ita kuwa ta hau jirgi.

Da ta dawo aka yi ta ƙananan maganganu, har Kawu Idi, yayan mahaifiyarmu, ya tambaye ta a gaban kowa ko ta yi wa gunki sujada. Ta durƙusa ta ce, "Kawu, ban bar salla ko ɗaya ba. Kalmar shahada daga gidan nan na tafi da ita. Abin da suka koya mini shi ne in zauna kusa da mai mutuwa ban gudu ba."

Ta ce kowace safiya sai sun zauna shiru suna lura da numfashinsu, suna tuna cewa su ma masu tafiya ne, har tsoron ya lafa. An hana su yi wa majinyaci alkawarin warkewa, an hana su cika masa ɗaki da surutu. Ta ce ai mu ma an hore mu da yawan tuna mutuwa, yi ne ba ma yi. Ni dai dariya na yi a raina, na ce an kai mutum bangon duniya don a koya masa zama.

Ranar da ta shiga wajen Baba, tabarma ta jawo, ta riƙe hannunsa mai lafiya, ta yi shiru. Ni kullum ce masa nake yi zai tashi, bana da shi za a yi girbi. Ita sai da ta daɗe sannan ta tambaye shi me yake tsoro. Mutumin da ya yi watanni ba ya haɗa kalma uku ya fashe da kuka, ya ce tsoronsa ya mutu bai shirya da ƙaninsa da ke Doguwa ba, wanda suka yi shekara goma sha biyu ba sa magana saboda iyakar gona. Ta aika aka zo da shi, suka yafe wa juna. Ina bakin ƙofa da kwanon ruwa a hannu duk na ji. Shekara biyu ina wanke mutumin nan, bai taɓa buɗe mini cikinsa ba.

Daga nan Rabi kawai yake nema. Ya cika wata Alhamis bayan la'asar, ita ta laƙƙana masa kalmar shahada, ni ina bayan gida ina shanya zannuwansa. Na shigo da hannu a jiƙe na tarar an gama. Ban yi mata magana ba har aka yi addu'ar bakwai.

Bayan haka ta fara tara mata a tsakar gida, a Tiga da Bebeji da Ɗansoshiya, tana koya musu abin da ta koyo, ta haɗa da addu'o'inmu. Sau uku tana gayyata ta, sau uku ina cewa ina da aiki.

Da ciwon daji ya kwantar da ita na tattara kayana na koma gidanta, na ce yanzu dai ni ce. Sai ta aika a kira mata Adda Hauwa, wata Bafulatana daga rugar da ke bayan Ɗansoshiya, ɗaya daga cikin matan da ta koyar. Raina ya ɓaci, na tambaye ta ko ni ba 'yar'uwarta ba ce. Ta ce, "Uwani, ke so kike in rayu. Idan na kalli fuskarki sai in ji kunyar tafiya. Ki zauna, amma ki daina ce mini zan warke." Na zauna, sai dai ban iya ba. Kafin a jima na tashi shara ko ɗora ruwa. Da hantsin da ta cika ina riƙe da hannunta na hagu, Adda Hauwa na dama, kuma muryar Adda Hauwa ta bi wajen faɗin kalmar shahada.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yadda muke jinya yau. Ana kunna karatun Alƙur'ani a waya, a ajiye kusa da matashin tsoho, kowa ya fita. Ana ɗaukar hoton majinyaci a tura wa dangi na Kano da Abuja, su amsa da addu'a, shi ke nan an duba shi. Ba na jin za ta yi faɗa, don ba halinta ba ne. Tabarma za ta nema, kuma kowa zai ji kunya ba tare da ta ce uffan ba. Wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushinta.

Ba ta bar 'ya'ya ba, gidanta ma an sayar. Abin da ya rage nata shi ne matan nan da ake aikawa a kira idan numfashin wani ya fara sauyawa, su kuma suna koya wa wasu. Allah ya jiƙanta, ya sa aikin nan ya bi ta.

A watan jiya na hau babur na je rugar Adda Hauwa, na ce ta koya mini. Ba ta tambaye ni dalilin jinkirin ba. Ta shimfiɗa mini buzu a inuwar ɗorawa, ta ce in rufe ido in yi shiru in ga abin da zai taso mini. Da na buɗe ido ta tambaye ni me na gani. Na ce kishi.

Ta gyara mayafinta ta ce, "To, gobe ma ki zo da shi, mu zauna."