Jar Robar Yaya Hambali

Wata rana da hantsi, wani saurayi ya tsaya da babur mai ƙafa huɗu a ƙofar rumfar wani mai walda. Babur ɗin baƙi ne, gabansa tsirara, duk wayoyi a waje. A bayansa ya ɗaure wata jar roba da igiya, irin wadda ake rufe gaban babur da ita.

Sallamar ma a tsaye ya yi ta. An nuna masa benci, bai zauna ba.

Bari in koma baya kaɗan.

Yayansa Hambali shi ne mai jan babur a garinsu. Gari ne na rairayi, mota ba ta shiga. Shi ke kwaso buhunan riɗi daga gona, shi ke fita da mai naƙuda zuwa bakin titi. Ka hango ja yana ɓullowa tsakanin tuddai, ka san Hambali ne.

A goshin robar gaba ya rubuta da farin fenti, da rubutunsa mai karkata: ADDU'AR INNA.

Zazzaɓin kwana huɗu ya tafi da shi.

Sai makulli ya dawo hannun ƙanen. Hambali bai taɓa tayar da babur bai duba baƙin mai ba, ko da ana jiransa. Shi kuwa ƙanen ba ya iya tsayuwar minti ɗaya, domin da ya tsaya sai tunani ya cim masa. Hawa kawai yake, ya murɗa.

A sati na uku, a kan tudu, injin ya buga. Makanike ya buɗe ya duba, ya girgiza kai ya ce wannan ya gama aiki.

Ƙanen ya je gida ya ce wa Inna ɗan gyara ne.

Ita kuwa tun rasuwar, kullum bayan la'asar sai ta fito da tabarma ƙofar gida ta zauna tana kallon babur ɗin a gindin darbejiya. Yanzu gindin bishiyar ba komai sai sawun taya.

"Auta, yaushe za a dawo da shi?"

"Jibi, Inna."

Jibi ta zo ta wuce sau uku.

Kawunsa ya tausaya, ya ba shi tsohon baƙin babur ɗinsa na gona. Shi ma ƙafa huɗu, amma kamfani daban, ƙira daban. Sai dabara ta faɗo masa: ya cire jajayen robobin Hambali ya ɗora wa wannan. Inna ta ga ja ya dawo, shi ke nan. Ba zai bari ta yi rashi sau biyu ba.

Kwana biyu yana fama a bayan gidan kawu, shi kaɗai.

Ya ɗora robar baya. Rami uku suka dace, na huɗu ya kauce da yatsa biyu. Ya sa gwiwa ya danna, ya ɗaure noti.

Ƙas!

Robar da ta sha ranar shekara shida ta tsage gida biyu.

Ta gefe ya ɗaure da waya. Yana tayarwa ta jingina da salansa, ta narke tana ɗiga kamar kitse a wuta.

Saura ɗaya. Ta gaba. Mai rubutun.

Ita ce ya kawo rumfar Baba Ilu mai walda, dattijon da tartsatsi ya huhhuda wa riga. Kafin tsohon ya ajiye abin da ke hannunsa, har saurayin ya kwance robar ya ɗora, ya kafa mata gwiwa.

"Baba, riƙe min nan kawai, ni zan danna. Saura kaɗan ta shiga."

Tsohon ya karanta rubutun, sannan ya dubi fuskarsa.

"Kai ne ƙanen Hambali?"

"Ni ne."

"Allah Ya jiƙansa. To ɗauke gwiwarka daga kanta."

"Yatsa biyu fa ya rage, Baba!"

"Ina ta bayan take?"

Saurayin ya ɗauke gwiwarsa daga kan robar.

"Yatsa biyun nan ne ya cinye ta, ko? Ɗana, tsohuwar roba ba a janta ta je wurin rami. Ƙarfe ake yankawa ya je ya same ta inda take."

Baba Ilu ya yanko ƙananan ƙarafa huɗu, ya lanƙwasa, ya huda. Kowanne ya sa masa guntun tsohon tub na taya a baki don kada ya ciji robar. A hankali yake yi, kamar mai ɗaure karaya.

Saurayin ya je bakin titi ya dawo. Ya ɗauki sifana ya ajiye. Ya sake zuwa bakin titi.

Da aka gama, robar ta zauna daram, ko motsi ba ta yi. Amma tsakaninta da tanki akwai fili, yatsa biyu cif. Gaba ja, baya baƙi.

"Baba, ai kowa zai gane ba shi ba ne."

"A gane mana. Wa kake son ruɗawa?"

 Saurayin ya hau ya kama hanya, yana ta jera maganar da zai faɗa tana rushewa.

Ya tarar da Inna a kan tabarma, faifai a cinyarta.

Ya kashe inji. "Inna, akwai abin da ban faɗa miki ba..."

"Tun kana bayan masallaci na san ba shi ba ne," in ji ta. "Shekara shida ina sauraren kukan wancan. Wannan muryarsa daban."

Ta tashi ta shafa rubutun, harafi bayan harafi. Ta zura yatsunta cikin filin nan, ta taɓa sabon ƙarfen da ke riƙe da robar.

Sannan ta ɗora hannun a kansa.

"Gobe kafin ka tayar, Auta, ka duba baƙin mai."

Ashe tun ranar farko ta san injin ya buga.

Nan ya kifa goshi a kan jar robar. Kukan da bai yi a maƙabarta ba, a nan ya yi shi.

Darasi: Abin da mamaci ya bar maka ba zai zauna a jikinka yadda ya zauna a nasa ba. In ka danna da ƙarfi don ka zama shi, ɗan abin da ya rage ma sai ya fashe a hannunka. Ka yi masa mazauni a hankali, ka bar filin da ya rage a bayyane. Masu ƙaunarka sun riga sun gani, kuma ba su kore ka ba.

In ka san wani da ke ta fama ya cike gurbin wanda ya tafi, tura masa wannan. Wanda ya karanta kuma, ya sa Hambali da namu da naku cikin addu'a.