Ranar da Muka Raka Ungozoma Tasha

Alhamis ɗin nan matata Hajo ta cika shekara tara a ƙasa, Allah Ya jiƙanta. Na sha ɗaukar alƙalami in ajiye. Bana dai na ce ko da hawaye sai na rubuta.

Lokacin ina koyarwa a wani ƙauyen masunta a ƙasar Ngaski. Ungozoma ɗaya gare mu a ɗakin shan magani, Sista Asabe, ga faɗan tsiya, amma hannunta da albarka. Da aka ba mu jihar Kebbi sai aka raba ma'aikata, kowa ya koma jiharsa, ita kuwa mutuniyar Sakkwato ce. Ni da kaina na ɗaukar mata akwati zuwa tasha, ina ta washe baki wai mun samu jiha.

Hajo na da cikin wata biyar. Ta ce tunda ni ne ɗan bokon garin, in rubuta wa manya a turo wata ungozomar. Na ce ta yi haƙuri, sabuwar gwamnati ko kujeru ba ta gama jerawa ba. Sau uku tana tuna mini, na ukun har tsawa na yi mata.

Da naƙuda ta zo, tsofaffi suka yi jiƙe-jiƙensu har azahar, sannan muka sa ta a kwalekwale zuwa asibitin Yelwa. A tsakiyar ruwa ta haihu. Mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini na ta zuba. Muna hango rufin kwanon Yelwa rai ya yi halinsa. Likita ya ce da akwai ungozoma mai horo a kusa, da wuya abin ya kai haka. Da ma bai faɗa mini ba.

Yau ɗakin maganin ya sha sabon fenti, amma a kulle yake. Da Hajo za ta dawo, kwaɗon ƙofar za ta duba, ta dube ni. Jama'a, ungozoma ba alfarma ba ce. Duk ƙauyen da gwamnati ta iya kai malami irina, ta kai ungozoma, da albashinta da ɗakin kwananta da kayan aikinta.

Ko hoton Hajo ba ni da shi. Ɗiyar nan kaɗai ta bar mini, Maryam. Da sallar bana ta ga ƙawayenta na kai tuwo gidan matan da suka yanke musu cibiya, ta tambaye ni wa ya yanke tata. Na ce ni ne, da wuƙar mai jirgi. Sai ta sake tambayata:

"To Baba, wa ke kula da Inna a lokacin?"

Na ce babu kowa.