Anti Pelenatete da Jinin Cibiya

Kullum da safe Anti Pelenatete Leota takan shiga ɗakin haihuwa na asibitinmu a yammacin Sydney, ta bi masu ciki gado-gado tana roƙon abu guda: in an haihu an yanke cibiya, a bar ta ta tatse jinin da ya rage a igiyar. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Matanmu 'yan tsibirin Samoa sukan ƙi, don mu binne cibiya muke yi, ba ma barinta a hannun wani. Ƙanwata ta ce ita korarta ma ta yi. Anti ta dawo da shayi, ta zauna bakin gado ta ce, "'Yata, jinin kawai nake so. Cibiyar da hannuna zan naɗe miki, ki tafi da abinki gida."

Ni ban san amfanin wannan aiki ba sai da sankarar kaluluwa ta kama ni. Magani ya ƙi ci. Aka nemi mai ba ni ɓargo, aka gwada dangi kaf, babu wanda ya dace. Sai likita ta ce an samu jinin cibiya da ya dace da ni a ma'ajiyar jini, zai yi aikin ɓargon. Na ɗauka zolaya ce. Ƙato kamata, direban babbar mota, abin da bai cika kofi ba ne zai tashe ni? Ta yi ta bayani, ina gyaɗa kai, ban gane komai ba. Aka ɗura mini ta jijiya, na daɗe a killace, na tashi.

Daga baya aka ce jinina ya koma na mace, don na cibiyar wata jaririya aka sa mini. Matata ta dube ni ta ce, "To ƙawata, tashi ki wanke kwanuka."

Na tare Anti bayan coci, na tambaye ta jaririyar wa ce. Ta ce ba ta sani ba, ƙila ma ba ita ta ɗiba ba, ƙila daga wata ƙasa aka kawo. Na ce to wa zan gode wa? Ta ce in je in ci abinci, na rame.

Har yau abin bai zauna mini a kai ba. Amma Anti, ke ce kika sha kora shekara da shekaru saboda mutanen da ba za ki taɓa sani ba. Na rasa wanda zan gode wa, na zaɓe ki. Na gode, mai haƙurin roƙo.

Matanmu, in irinta ta tsaya bakin gadonku, ku saurare ta kafin ku ce a'a. Wani yana can kwance yana jira.