Takalmin Segundo a Ƙafar Nelsa

Wai sulun ƙanƙara sai masu kuɗi. Wa ya gaya muku? Duk lokacin sanyi sai kun cika mana kunne da wannan maganar, alhali ga dutsen nan fari tas kuna hangensa ta tagar kicin a nan Puente Alto ta ƙasar Chile, bai taɓa tambayar kowa albashinsa ba. Ku je ku tambayi Nelsa Huenchul ta layinmu.

Shekara ashirin da shida Nelsa tana aiki a wani gidan wanki da guga a unguwar manya. Daga Yuni zuwa Satumba rigunan 'yan sulu ne ke bi ta hannunta. Ta san wadda ba a sa wa ruwan zafi, ta san yadda ake fidda tabon cakulan daga wuyan riga, amma ƙafarta ba ta taɓa taka dusar ƙanƙarar ba. Sai bana likita ya ce zai yi mata aiki a gwiwa, bayan nan ko matakala sai a hankali. Ta dawo gida ta jefar da jaka, ta dubi 'yarta Yasna.

"Kafin su yanka ni sai na sulalo daga dutsen can. Sau ɗaya tak."

"Mama, kin san kuɗin kujerar nan da ke ɗaga mutane sama kuwa?"

"Ina da ƙafa ɗaya da rabi. Ta isa."

Ku ga tsari. Ranar Talata za a je, ba Lahadi ba. Riga daga gwanjo. Safar hannu ta ulu, a ɗora ta wanke-wanke a kai. Ledar burodi a kan safar ƙafa. Shayi filas biyu, burodi da fiya, dafaffen ƙwai cike da roba. Mota kuwa tasin ƙaninta Segundo ce. Katakon sulu da takalminsa da sandunan dogarawa a cikin gari za a yi haya, don a can sama wuƙa suke sa wa mutum, kuma saiti ɗaya su uku. To takalmi dole ya shigi ƙafar da ta fi girma. Segundo arba'in da huɗu yake sawa. Nelsa talatin da shida.

Mai shagon ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ku uku, takalmi ɗaya?"

"Ai cikinmu ɗaya, malam," in ji Nelsa. "Naɗe mana."

Suka hau hanyar nan mai lanƙwasa arba'in, Yasna na riƙe da kujera, Nelsa na tafi tana rera waƙa a kowace kwana. Suka tsaya a gangaren bakin titi inda iyalai ke sulu a kan ledar shara kyauta. Nelsa ta damƙi dusar ta kai baki.

"Kai! Ba gishiri!"

Nan fa ta yi abin da ta saba tun tana yarinya a kan tukunya: ta sa kanta ƙarshe. Segundo ya fara. Ya faɗi, ya tashi, ya faɗi. "Ƙarin ɗaya kawai, Yaya, na kusa gane kansa." Yasna ta karɓa, ita kuma hoto take so, ta gaba, ta gefe, da gilashi, ba gilashi. Nelsa na gefe tana zuba shayi, tana ɓare wa 'ya'yan mutane ƙwai, tana dariya har hawaye. Segundo ya sake karɓa.

Ƙarfe huɗu ya dubi agogo ya zabura. Shagon haya shida yake rufewa, in suka makara sai kuɗin kwana biyu.

"Ku tattara, ku tattara!"

Yasna ta tsaya da filas a hannu. "Kawu, Mama fa ba ta hau ba."

"Ba komai," Nelsa ta fara, "baɗi sai..." Ta dubi gwiwarta. Babu wata baɗi. "Segundo, cire takalmin nan."

"Yaya, lokaci..."

"Cire, mai ƙafar kwalekwale!"

Aka cusa gyalen wuya a ɗaya, tsohuwar jarida a ɗayan, aka zura ta ciki. Tafiya ta gagara, sai wasu mata biyu suka zaunar da ita a kan leda suka ja ta zuwa sama kamar buhun dankali. Suka miƙar da ita, suka ɗaura katakon, suka saki.

Ta tafi. Jama'a, ta tafi! Baki buɗe, sanduna a sama, safar wanke-wanke ruwan ɗorawa na walƙiya. Ta wuce Yasna. Ta wuce wani kare.

"Segundo! Yaya ake tsayawa?"

"Ba mu biya kuɗin wannan ba, Yaya!"

Tulin dusar da ke bayan tasi ne ya karɓe ta, bum. Suka ruga. Ƙafa ɗaya ta fice daga takalmi, ledar burodi na kaɗawa a sama, ita kuma tana kwance tana ƙyaƙyatawa har numfashi na sarƙewa.

"Mama, gwiwar!"

"Ta likita ce, shi ya sani. Ku kira matan nan su sake ja na!"

Sau huɗu ta yi. Sun tarar da shago a kulle, Segundo ya biya kwana na biyu daga aljihunsa, yana ƙunƙuni wai an zalunci direba.

Yanzu ku nake jira. Kai da kake kallon dutsen nan shekara da shekaru kana cewa ba naka ba ne, me ya hana ka? Ke kuma wa kike ɓare wa ƙwai har layinki ya wuce? Kar ku danna min alamar zuciya ku yi gaba. Ku buɗe baki ku faɗa.